Hancin Hajja

Tagar kicin ɗina da ta Hajja suna kallon juna. Tsakaninsu akwai wani dogon rami da magina suka bari tun daga ƙasa har saman bene don iska ta riƙa shiga, mutanen Jidda suna ce masa manwar. Ni dai ban taɓa ganin iskar kirki ta biyo ta wurin ba, amma ƙamshin girki da maganar mutane suna wucewa ba sallama. Ta nan Hajja ta san ni tun kafin ta ga fuskata.

Farkon zuwanmu unguwar Bani Malik, maigidana ya fita wurin aikin da ya kawo mu ƙasar, ni kuma na ɗora miyar kuka don in rage kewar gida. Ina cikin kaɗawa sai na ji murya ta taga.

"Wace ce wannan take ɓarnar daddawa haka?"

Na leƙa, sai ga wata 'yar tsohuwa siririya da farin mayafi, ta dafa ƙarfen taga tana kallona. Na gaishe ta da ladabi, ta tambaye ni daga ina, na ce Zariya.

"Ai dama," in ji ta. "Sai Bazazzagiya."

Daga ranar ban sake jin sunana na yanka a bakinta ba. Ita Bakanuwa ce, a faɗarta, ko da yake a Jidda aka haife ta, kuma ko a mafarki ba ta taɓa taka Kano ba. Iyayenta ne suka zo aikin hajji a ƙasa ta Sudan, suka zauna. Duk da haka wasan Kanawa da Zage-zagi ba abin da ya ɓace mata a ciki, ni kuma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Nakan ce mata Bakanon da bai san ƙofar gari ko ɗaya ba ai Bakanon hoto ne, ita kuma ta ce ko a hoto Bakano ya fi Bazazzagi.

Sana'arta turaren wuta da humra. Ɗakinta cike yake da kwalabe da gwangwanaye, ga icen sandal, ga hawi, ga kajiji, ga farce da take wankewa ta soya da kanta. Kafin ka hau matakalar benenmu ƙamshin ya tare ka a ƙofar titi. Amare daga Mahjar da sauran unguwanni wurinta ake zuwa yi musu haɗi. Jarinta kuwa hancinta ne. Idan aka kawo mata miski, sau ɗaya za ta kai kwalbar hanci ta ce an yi masa algus, kuma in an bincika haka ne. Girkina ya sha wahala a wurin hancin nan. Yau ta ce na cika citta, gobe ta ce man ya soyu fiye da kima. Wata rana har cewa ta yi gishirina ya yi kaɗan. Na ce, "Haba Hajja, ai hanci bai san daɗin gishiri ba." Ta ce, "Naki ne bai sani ba." Da na ɗanɗana, sai da na ƙara gishirin a ɓoye.

A unguwar Karantina ta yi rayuwarta duka, can ta yi aure, can ta haihu, can mijinta ya rasu. Da aka rushe unguwar, mutanenta suka watse, kowa ya kama inda Allah ya nufe shi, ita ta samu wannan ɗaki da falo a gidanmu. Tana da ɗa guda, babban mutum mai furfura, yana zaune can arewacin gari, wurin da sai ka yi tafiya mai nisa a mota. Duk Juma'a bayan masallaci yake zuwa, kuma duk Juma'a maganarsa ɗaya ce, ta tattara ta koma wurinsa. Ya ware mata ɗaki, ya sa mata gado, har da kujerar zama a banɗaki. Ita kuma ta kafe. A nan tsoffin maƙwabtanta suke iya zuwa su same ta, a nan masu sayen turare suka san ƙofarta. Can kuwa, in ji ta, sai dai ta zauna tana kallon bango ana kawo mata abinci kamar mara lafiya.

Ta taɓa gaya mini yadda suka ƙare da shi. "Na ce masa, ya waladi, an tashe ni sau ɗaya, ya isa. Ranar da ka ga ba na iya riƙe kaina, halas, ɗauke ni. Kafin nan ka bar ni." Shi kuma ya riƙe wannan magana da hannu biyu. In ya zo, yana gaishe ta yana waige-waige, ko zai ga abin da zai kafa hujja da shi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma na san hakan. Amma ni ina bayan Hajja, don in ta tafi ban san da wa zan riƙa faɗa ba.

Ana nan sai Hajja ta daina kushe girkina. Da farko ban lura ba. Da na lura sai na ji daɗi, har na gaya wa maigidana cewa Bakanuwa ta sallama, hannuna ya faɗa. Ya ce to madalla, ya ci gaba da cin abincinsa. A lokacin ne kuma turarenta ya soma nauyi. Da, ƙamshin a hankali yake zuwa, yanzu kuwa yana shaƙe mutum tun daga matakala, kaskonta ba ya mutuwa daga safe har dare. Wata rana ta aiko mini da shinkafa mai ƙauri. Da na tsokane ta sai ta ce haka Larabawa suke so, in je in koyi cin abincin birni. Na yi dariya, na bar maganar a nan.

Sai wata Talata jikarta ta turo mini saƙon murya. Jikar nan matar aure ce, ma'aikaciya, tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai ta riƙa tsinto kalmomin ɗaya-ɗaya. Ta ce, "Khala, bukra da safe masu kashe wuta za su zo shiggar Sitti. Ni ina dawam, Baba zai zo bas a makare. Don Allah ki zauna da ita." Wato gobe za su zo ɗakin kakarta, ita tana wurin aiki, babanta kuma sai a makare.

Masu kashe wuta. Ni da na tashi a Zariya, abu ɗaya wannan magana take nufi a kunnena, gobe ba lantarki. Ban tsaya tambayar dalili ba, don ɗan Najeriya ba ya tambayar abin da ya sa za a ɗauke wuta, shiri kawai yake yi. Wani abu ma ya motsa a raina mai kama da murna, ga shi yau an zo fagen da na fi kowa a benen nan ƙwarewa. Na yafa mayafi na tsallaka.

"Hajja, gobe za a yanke miki wuta."

"Kaharaba? Lesh, don me?"

"Oho. Wataƙila gyara ne. Ke dai tashi mu shirya, ba a fafe gora ranar tafiya."

Hajja ba ta saba da wannan ba, sai ta bar mini ragamar. Na kwashe naman firjinta na kai nawa. Na cika robobi da ruwa na daskarar. Na sa wayarta a caji. Na nemo mata maficin kaba da na zo da shi daga gida, wanda maigidana ya yi ta yi mini dariya a kansa a filin jirgi. Sannan na sauka shagon ƙasa na sayo kyandir, duk wanda mai shagon yake da shi. Na kafa su a kan faranti, na jera a falo, a ɗaki, a kan akwatin talabijin, a bakin taga kusa da labule, har da banɗaki, kowanne da ashana a gefensa. Hajja tana zaune tana kallona, ta ce, "Ashe Zage-zagi ma suna da amfani." Na kwana ina jin kaina.

Da safe muna shan shayi a falonta aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, sai na ga maza biyu cikin kaki da wata mata sanye da abaya, ta ɗora 'yar riga mai sheƙi a kai. Suka yi sallama. Na leƙa ta tagar matakala, na hango jar mota a bakin titi. A nan jikina ya ba ni cewa na yi shirme. 'Yan kwana-kwana ne, waɗanda a nan ake ce wa matafi. Gobara jikar take nufi, kalmar ce ba ta zo mata ba. Ashe ita ce ta ji labarin cewa suna zagayawa gidajen tsofaffi su duba musu abin da zai iya jawo gobara ko faɗuwa, ta nemi a zo wa kakarta.

Suka shigo, suka tsaya a tsakiyar falo. Babbansu, mai gemu, ya dubi kyandir na kan talabijin, ya dubi na jikin labule, ya dubi ashana, ya dubi kaskon da yake ta hayaƙi a kan darduma. Sai ya shafa gemunsa. Hajja kuwa ta gane abin da ya faru tun kafin in buɗe baki, ta fara dariya har tana riƙe ciki.

"Ga aikin Bazazzagiya," in ji ta da Hausa. "An ce masu kashe gobara za su zo, ta tanadar musu aikin yi."

Sai ƙaramin cikinsu, wani dogon saurayi baƙi da yake tsaye a baya, ya yi ƙoƙarin danne dariya ya kasa. Hajja ta juya ta ƙare masa kallo.

"Kai, kana jin Hausa?"

"Ina ji, Hajja," in ji shi. "Bas magana shuwayya, kaɗan-kaɗan. Sittina Hausa ce."

"'Yar ina?"

"Karantina."

Shi ke nan, an gama da Hajja. Ta zaunar da shi, ta shiga tambayar wane layi, kusa da wane masallaci, wa take aure. Ba ta san kakar tasa ba, amma ta san mai sayar da waina a layinsu, wannan kuwa ya isa zumunci. Ni kuma na samu damar bin kyandir ɗina ɗaya bayan ɗaya ina tusawa a leda, kunya kamar in nutse.

Yadda suka yi aikinsu ya burge ni, don ba su zo da faɗa ba. Mai gemun ya durƙusa ya ɗaga gefen dardumar da ya naɗe a bakin ƙofa, ya ce wannan ita ke kayar da tsofaffi. Ya ga an cusa na'urar sanyaya ɗaki da firji da tukunyar shayi a soket guda, ya raba su. Ya tambaye ta in wani abu ya faru ta ina za ta fita, kuma ina take ajiye makulli. Makullin yana ƙasan wata jaka, jakar tana cikin akwati, akwatin yana ƙarƙashin gado. Ya ce a buga ƙusa kusa da ƙofa a rataye shi. Matar kuma, wadda ta fito daga ɓangaren lafiya, ta zauna kusa da Hajja tana tambayarta a hankali, tana gani sosai, tana jin jiri in ta miƙe, ta taɓa faɗuwa a banɗaki, wa take kira in ba ta jin daɗi. Hajja ta nuna ni da haɓa ta ce, "Wannan, in ba ta tafi sayen kyandir ba."

Sai saurayin ya shiga kicin. Bai daɗe ba ya fito, fuskarsa ta canza. Ya yi wa babbansu magana a kunne, sannan ya ɗauki kaskon da kansa ya fita da shi matakala ya zuba masa ruwa. Suka buɗe tagogi, suka ce kada kowa ya taɓa makunnin fitila. Na bi bayansu na tsaya a ƙofar kicin. Saurayin ya rufe kan tukunyar gas, wadda suke kira dabba, ya kaɗa ruwan sabulu a kofi ya shafa a jikin tiyon, ya ɗan buɗe. Sai ga kumfa tana tashi a wurin da tiyon ya tsage. Da hayaƙin turaren ya ragu, ni ma na ji warin, ɗan kaɗan amma ba ya ɓuya.

Babban ya nuna tagar manwar ya ce ita ta taimaka, da a rufe take da labari ya sha bamban. Tagar nan kuwa ba don iska Hajja take barin ta a buɗe ba, don ta riƙa jin abin da nake yi ne ta samu na tsokana.

Saurayin ya dawo falo ya durƙusa a gabanta. Bai yi Larabci ba, da 'yar Hausarsa ya yi, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajja, wari... ba ki ji ba? A matbakh, a kicin?"

"Wane wari?"

Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. A nan komai ya haɗu a kaina, shinkafa mai ƙauri, turaren da ya yi nauyi, girkina da aka daina kushewa. Ashe ba hannuna ne ya faɗa ba.

"Tun bayan wata mura da na yi," in ji ta. "Na ce zai dawo. Ina ta ƙara turare ko zan ji, ba na jin komai. Haɗin ma da ka nake yi, yadda hannu ya saba." Ta ɗago ta dube ni. "Mai turare ba hanci, ya binti. Wa zan gaya wa?"

An ce abin da ya taɓa hanci idanu ke ruwa. Nawa idanun ne suka yi ruwan, ita ko ɗigo ba ta zubar ba. Tausayinta ya kama ni, kuma na ji tsoro, don na san abin da wannan magana take nufi in ta kai kunnen ɗanta.

Kamar jira yake, sai ga sallamarsa a matakala. Ya shigo ya ga tagogi a buɗe, ya ga jiƙaƙƙen kasko a waje. Saurayin ya dubi Hajja, ya bar mata maganar. Na ɗauka za ta kauce. Sai ta gyara zama ta gaya masa da bakinta, tiryan-tiryan, har da tiyon da ya tsage. Ya saurara har ta gama, ya zauna a hannun kujera.

"Halas, ya ummi," in ji shi. "Ke kika faɗa da bakinki. Yalla, yau za mu tafi."

Hajja ba ta yi musu ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ni ce na buɗe baki zan yi magana, ban ma san me zan ce ba, sai mai gemun ya riga ni. Da Larabci ya yi, a natse, saurayin yana taimaka mini da abin da ya wuce ni. Ya ce shi ba zai shiga tsakanin ɗa da uwa ba, wannan shawarar gida ce. Amma su abin da ya sa suke zagayen nan shi ne tsoho ya zauna a ɗakinsa lafiya, ba don a fitar da shi ba. Abin da hanci yake yi na tsaro, akwai na'urar da take yi, kuma ita ba ta mura. Matar ta ƙara da cewa rashin jin ƙamshi ba abin zama a ɓoye ba ne, a kai ta asibiti a duba, wani yana da magani.

Ɗan ya ce to, a sa na'urorin, a je asibitin, shi kuma zai gani. In abin bai canza ba, maganarsa tana nan. Hajja ta ce ta yarda. Ba a ce ta zauna ba, ba a ce ta tafi ba, aka bar mu a tsakiya.

Kafin su tafi suka canza tiyon, suka nuna wa ɗan irin na'urorin da zai sayo da inda za a kafa su, ta hayaƙi a rufi, ta gas a ƙasa kusa da dabba. Da yamma aka kafa. Hajja ta tsaya ta dubi ta sama, ta dubi ta ƙasa, ta ce, "Allah mai iko. Na rasa hanci ɗaya, an ba ni biyu." Tun daga nan take kiransu hancin aro. An buga ƙusar makulli, ni ma aka ba ni guda. Kasko kuma aka yanke masa hukunci, sai a kan faranti mai yashi, nesa da labule, kuma a kashe shi kafin ta kwanta. Ɗan ya kawo mata na lantarki, ta karɓa ta yi godiya, ta mai da shi wurin ajiye allura da zare.

Makon farko hancin aro na sama ya hana benen sakat. Da ta zuba turare sai ya fasa ihu, mai gadi ya hauro da gudu, ni in fito da ludayi a hannu. Ta ce abin nan ba shi da tarbiyya, bai san bambancin sandal da gobara ba. Da saurayin ya dawo duba yadda ake ciki, ya matsar da shi zuwa lungun da ke tsakanin ɗaki da falo, aka samu lafiya. Ta ba shi kwalbar humra ya kai wa kakarsa, ya ce aiki ya hana su karɓar kyauta, ta ce ai ba shi ta ba, saƙo ne daga 'yar Karantina zuwa 'yar Karantina. Ban san yadda suka ƙare ba, na shiga duba tukunyata.

Ni na raka ta asibiti. Likita ya leƙa hancin, ya ba ta maganin fesawa, sannan ya ce akwai wani aiki da za ta riƙa yi safe da yamma. Ta samu abubuwa masu ƙamshi daban-daban, kamar kanumfari da lemon tsami da ruwan wardi, ta riƙa shinshina kowanne a natse tana tuna yadda ƙamshinsa yake. Ya ce bai yi alkawari ba, wani yana dawowa, wani ba ya dawowa. Ya tambaye ta ko za ta iya samun irin waɗannan abubuwa a gida. Hajja ta dube ni, na dube ta, muka kwashe da dariya har likitan ya tsargu.

Haka muka shiga sabuwar rayuwa. Da safe in na sallami maigida sai in tsallaka. Ta jera kwalabenta, ta rufe ido, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta girgiza kai, ta ɗauki wata. In ta gama nata sai a zo nawa, don ni ce na zama hancinta a wajen haɗi. Ta miƙo mini ta ce, "Me kika ji?" In ce ƙamshi. Ta ce, "Ƙamshin me? Kaifi ne ko sanyi? Ya tsaya a gaba ko ya wuce maƙogwaro?" In ce ni dai daɗi na ji. Ta ce Allah ya haɗa ta da aiki, hanci uku na aro kuma ba na kirki ko ɗaya. A haka dai na koyi rabe hawi da sandal, na san lokacin da farce ya soyu, turarenta kuma ya dawo daidai har masu saye suka daina ƙorafi a bayan ido.

Amma nata hancin shiru. Watanni suka wuce. Wata rana takan ce kamar ta ji wani abu daga nesa, in ta sake kai kwalbar sai ya gudu. Ranar da abin ya dame ta ba ta tsokanata, ni kuma ranar ba na jin daɗin komai. Ɗan yana zuwa duk Juma'a, ya danna na'urorin ya ji suna aiki, ya tambaye ta, ta ce da sauƙi, ya dube ni, in kawar da kai. Ya daina cewa ta tattara, amma ɗakin da ya ware mata yana nan, kuma duk mun san da shi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ji shigowar ɗan, na ji muryarsu sama-sama ta manwar, suna kicin tana dafa masa shayi. Na ji ya ambaci zafi da ke tafe, da cewa ya yi haƙuri iyakar yinsa. Na ɗora mai na zuba albasa, sai ƙanwata ta kira daga gida da labarin wani biki, wa ya zo, wa bai zo ba, wa ya sa me. Na koma falo don in ji da kyau. Labari ya yi daɗi, na manta da duniya.

"Bazazzagiya."

Ban amsa ba, ina sauraren waya.

"Bazazzagiya, albasarki ta ƙone."

Na jefar da wayar na ruga kicin. Albasa ta yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya fara tashi. Na kashe gas, na janye tukunyar, ina shirin mayar mata da magana kamar yadda muka saba, sai na tsaya da tukunya a hannu. Na juya na dubi taga.

Tana tsaye ta dafa ƙarfen, kamar ranar da na fara ganinta. Murhuna a bayan bango yake, ba yadda za a yi ta hango shi daga can. Ɗan yana bayanta da kofin shayi, ya kasa kai shi baki.

"Ya ummi," in ji shi, "gani kika yi?"

"Da me zan gani? Ji na yi." Ta ja numfashi ta hanci, a hankali. "Albasa ce, kuma da man gyaɗa. Ta bar shi ya yi zafi kafin ta zuba, halinta ne."

Ya ajiye kofin. Ya kama kanta ya sumbata, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce da ni in ci gaba da riƙe makullin nan, da alama zai daɗe a wurina.

Ni kuwa ina tsaye ina dariya hawaye na zuba, ban taɓa murnar ƙona girki irin ta ranar ba. Na nufi wurin wanke-wanke zan sakar wa tukunyar ruwa.

"A'a," in ji Hajja. "Kar ki zuba. Kawo ta nan bakin taga tukuna."

Na kai tukunyar na ɗora a bakin taga. Ta matso da fuskarta jikin ƙarfen, ta rufe ido, ta ci gaba da shaƙar ƙaurin albasata.